Wayar da Ƙararrawa Ta Bari

"Sau tara," in ji Matar Mai Gida, tana matse zanin da ta ɗauraye a bakin famfo. "Sau tara baiwar Allah tana kiran 'yar cikinta, har rai ya yi halinsa, yarinyar nan ba ta ɗaga ba."

Malama tana tsaye a ƙarshen layi da bokitinta. Ranar Talata da aka yi rasuwar, sau uku aka ce. Laraba ya koma biyar. Yau Alhamis ga shi ya kai tara. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi kafin ta ajiye alli, ba ta taɓa ganin adadin da ke tashi da kansa kamar kwaɓin burodi ba sai a bakin matan gidan haya.

"Wa ya ƙirga?" ta ce.

Aka ci gaba da tura bokitai ana haɗa ido ta gefe. Ba banza ba ake kiran Malama Sai-Na-Gani a bayan idonta, kuma ta san da sunan, har daɗinsa take ji. Ita ce lokacin da aka ce ɗakin ƙarshe na bene yana da aljanu ta sa aka kawo tsani, ta hau da kanta duk da shekarunta, ta nuna wa kowa kwanon rufin da ya kwance yana bugun katako. Ita ce ta sha madara a kan lemun tsami a gaban jama'a, ta zauna a tsakar gida har la'asar tana jiran mutuwar da aka yi mata alkawari. Takan ce "an ce" maraya ne, ba uwa ba uba, shi ya sa kowa ke goya shi.

Matar da ta rasu maƙwabciyarta ce ta jikin bango. Saƙa take yi, hulunan jarirai da safa, tana kai wa masu shaguna. Mijinta ya daɗe da mutuwa, 'ya ɗaya gare ta, ga ciwon asma da ke shaƙe ta duk sanda ya ga dama. 'Yar tana aiki a masana'antar sabulu a can ɗaya gefen gari, tana kwana a ɗakunan ma'aikata, sai ƙarshen mako take leƙowa. Bara ta saya wa uwar babbar waya irin ta shafawa. Da yake uwar ba ta karatu, sai yarinyar ta bi gidan ƙofa-ƙofa, tana rusunawa tana gaisuwa, tana roƙon a ba ta lamba, a kuma tsaya ta ɗauki hoto. Ta liƙa wa kowace lamba fuskar mai ita, yadda in uwar na son wani sai ta taɓa fuskarsa kawai. Kowa ya gyara zaman ɗankwali ko hula, kowa ya ce haba, ai maƙwabci ɗan'uwa ne, ta je ta yi aikinta hankali kwance.

Ba a rufa wata ba suka yi da-na-sani. Matar ta kira ta tambaya ko ruwa ya zo, alhali famfon yana ƙarƙashin tagarta. Ta kira ta ce hadari ya haɗo, a kwashe shanya. Ta kira ta ce ta ji kamar an yi baƙi, su wane ne. Wani lokaci ta kira ta rasa abin cewa, ta ce dama shiru ta ji. Mai Shago na ƙofar gida ya laƙaba mata Ƙararrawa, sunan ya bi ta har ya danne na gaskiya. Kowa ya koyi dabararsa: mai kifa waya, mai cewa tana caji, mai cewa yara ne suka ɗauka. Malama takan ce ita kam ta daɗe da yi wa tufkar hanci. In aka tambaye ta yaya, sai ta ce mutum shi ke koya wa mutane yadda za su zauna da shi.

Ranar Talata wajen ƙarfe huɗu ƙaurin tukunya ya cika baranda. Aka buga ƙofar Ƙararrawa, shiru, aka sa kafaɗa. Tana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, abin shaƙarta na asma a gefe ba komai a cikinsa, wayar a hannu. Matar Mai Gida ce ta fara shiga. Ta zare wayar daga yatsun, ta duba, ta ɗan jima tana dubawa, ta kashe ta, sannan ta juyo ta faɗa wa waɗanda suka cika ƙofa cewa har ta cika 'yarta take kira. Malama tana cikin masu leƙe, da sawun matashi a kumatunta, don ƙarar ɓalle ƙofar ce ta tashe ta daga barcin rana.

Yarinyar ta iso bayan shida, da rigar aiki, da hular raga a kai, tana ƙamshin sabulu. Kawunta, ƙanen marigayiyar, wanda rabonsa da gidan tun kafin a sake fentin bene, ya riga ta zuwa, kuma an riga an cika masa kunne. Ya tare ƙofa da hannu. A gaban kowa ya ce hannun da ya kasa ɗaga waya ba zai taɓa gawar 'yar'uwarsa ba. Ta ce masa a wurin aikinsu kashe wayoyi ake yi a zuba a akwati tun takwas na safe, ba a ba su sai biyar. Ya ce ta riƙe bayaninta ta kai wa uwarta. A jikin tankin ruwa ta tsaya har aka fitar da gawar, ko mace ɗaya ba ta matsa kusa da ita ba. Malama ma ba ta matsa ba. Ta dai lura da abu ɗaya: duk mai ba da labarin, in ka bi sawunsa, a bakin mutum ɗaya yake ƙarewa.

Laraba Kawu ya kwashe ɗakin, gado da katifa da buhun zaren ulu. Wayar kuwa, a tsakar gida ya cire layin, ya sa haƙori ya karya shi biyu, ya tofar, ya ce shi ke nan, duk abin da ke ciki ya bi mai shi. Ya kai gangar jikin wurin Mai Waya na bakin mahaɗa.

Wannan ne ya faɗo wa Malama a rai tana layin famfo. Ta taɓa sauya layi, hotunan jikokinta ba su bi tsohon ba, suna nan cikin wayar. Ta bar bokitin a inda yake, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

Shagon Mai Waya bai fi faɗin tabarma biyu ba. Akwatin gilashi a gaba, wayoyi kwance a jere kowace da 'yar takarda ɗaure da roba. A baya akwai tebur mai fitila, da ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba, ƙaurin dalma yana tashi. Mai shagon mutum ne mai tumbi da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, tsohon ɗalibinta da ya faɗi lissafi sau biyu bai riƙe ta a rai ba. Ya miƙe ya gaishe ta, ya tambaya ko yau ma gwaji aka zo yi masa ba sanarwa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sayen wayar marigayiya, ya ciro ta daga aljihun tebur. Tana nan cikin 'yar rigarta ta ulu, ja da fari, wadda mai ita ta saƙa mata.

Ya ce bai kai ga wanke ta ba, aiki ya yi masa yawa, ta dawo da yamma. Shi ba ya sayar da waya da kayan wani a ciki. Waya kamar ɗakin haya ce, in mai ciki ya tashi sai an share kafin sabo ya shiga. Mutane, in ji shi, gani suke in sun cire layi sun gama, alhali sun bar masa hotuna da saƙonni da abin da ko matansu ba su sani ba. Da shi mai baki ne, da rabin auren unguwar nan ya mutu.

"Haka nake son ta," in ji Malama. "Da ƙurarta."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya ga ba wasa take ba, ya naɗe mata a takarda.

A ɗaki ta rufe ƙofa, ta sa wayar a caji, ta zauna bakin gado kamar mai shirin duba takardun jarrabawa. Babu makulli, don Ƙararrawa ba ta iya riƙe lambar sirri. Fuskar 'yar ce ta fara bayyana, tana dariya. Malama ta wuce hotunan huluna, sun fi ɗari, kowace an ɗora ta a gwiwa an ɗauka. Ta wuce wani guntun bidiyo da matar ta ɗauka bisa kuskure, silin ne kawai da muryarta tana ƙirga saƙa, tana ɓata tana sake farawa. Ta shiga jerin kira.

Yarinyar ta ƙara girman komai saboda idon uwar, fuska uku kawai ke fitowa a lokaci ɗaya. Malama ta yi sauri ta zarce ƙasa har ta sami fuskar 'yar. Yammacin Litinin ne, minti ashirin da biyu, kuma yarinyar ce ta kira. Daga nan zuwa sama babu ita. Wani sanyi ya ratsa Malama, irin wanda take ji in lissafi ya fita babu saura. Ta koma can sama don ta bi kiran Talata ɗaya bayan ɗaya.

Na ƙarshe, fuskar Matar Mai Gida ce, da murmushinta na haƙorin zinariya. Ƙarƙashinta Mai Shago. Ƙarƙashinsa Nas ta hawa na biyu. Duka ba a ɗaga ba. Malama ta gyaɗa kai. Har ta fara tsara abin da za ta faɗa gobe a bakin famfo, da inda za ta tsaya, da yadda za ta bari sai an ce sau goma sha biyu tukuna. Ta ɗan matsa da yatsa.

Wata tsohuwa ce mai ɗankwali ruwan ƙasa, ta tsuke baki, don ta gaya wa yarinyar a ranar cewa ita ba ta yi wa na'ura murmushi. Ga ta, ita Malama, ga ta kuma, ga ta kuma a jere.

Ta ɗauko tata wayar ta duba ranar Talata. Jikarta ta kira da safe, daga nan babu komai. Ta ajiye wayoyin biyu gefe da gefe a kan gado, ta yanke cewa ɗaya daga cikinsu ƙarya take yi, kuma akwai wanda zai iya faɗa mata wacce.

Mai Waya ya karɓi biyun, ya sauko da tabarau na goshi a kan na hanci. Bai daɗe a ta marigayiyar ba. Ya shiga cikin ta Malama, ya danna nan ya danna can. Ya juyo mata da fuskar wayar. Wani shafi ne da ba ta san da shi ba, lamba ɗaya tak a cikinsa.

"Ai ni na sa miki, Malama. Bara da zafi kika zo kika ce wata lamba na hana ki barcin rana, in toshe miki ita."

Ta tuna. Ta tuna har rigar da ke jikinta a ranar, da yadda ta fito daga shagon tana jin ta fi sauran matan gidan dabara, su da ke ta ƙaryar caji.

"In an toshe mutum," ta ce, "me yake ji in ya kira?"

"Ta shiga sau ɗaya, sai ta katse."

"Ya san an toshe shi?"

"Ina zai sani? Sai ya ɗauka ke kika kashe."

Ya tambaya ko ya cire toshiyar yanzu. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai ya shiga gyara kusoshinsa. Ta kwashi wayoyinta ta fito.

Matar Mai Gida tana jiranta a baranda. Mai Shago ya ga shigarta shagon har sau biyu, kuma abin da Mai Shago ya gani gida ya gani. Ta biyo ta ɗaki, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"An ce kin yi sabuwar waya."

"Tsohuwa ce."

"Kin duba?"

"Na duba."

"To kin ga duka ke nan."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita hannunta na cikin kumfar wanki, ta ga fuskar ta ce in ta gama. Nas daga asibiti ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba. Mai Shago ciniki ne a gabansa. Mace tana kiran mutum sau biyar a yini a kan hadari da baƙi, wa zai san wanne ne na ƙarshe? Yarinya kuwa yarinya ce, tana da sauran shekaru a gaba, za ta manta, kuma ba a gidan nan take kwana ba. Su ne za su ci gaba da haɗuwa a famfo har Allah ya raba.

"Ƙarya kika yi mata," in ji Malama.

"Na faɗi abin da kowa zai yarda da shi." Ta miƙe tana gyara zani. "In za ki karanta mana a tsakar gida, Malama, ki faro daga ƙasa, yadda aka yi kiran. Ni ta sama ce. Ke kuwa bango ɗaya ne tsakaninku."

Bayan biyar kaɗan wayar Malama ta yi ƙara. Yarinyar ce, labari ya riga ya haye gari. Ta koma aiki tun da safe, don an hana ta zaman makoki, zama ita kaɗai a ɗaki kuma ya fi aikin wuya. Ta gaishe da Malama har sau biyu, ta tambayi ƙafarta, sannan ta roƙe ta kada ta bari kowa ya taɓa wayar, gobe Juma'a da an tashi za ta zo.

"Ba don mutane ba, Malama. Su faɗi abin da za su faɗa. Tawa a kashe take a akwati, ko ta kira ba zan gani ba. Ni dai in sani."

"Sai kin zo," in ji Malama.

Da safe ba ta fita famfo ba. Ta zauna da wayar tana gwaji, don gwaji ne abin da ta iya. Ta gano in ta danne fuska ta ɗan riƙe, sai wani ɗan kwandon shara ya fito a gefe. Ta danne ɗaya daga cikin nata, ta taɓa kwandon. Fuskar ta ɓace, na sama suka sauko suka cike gurbin kamar ruwa, ko alama babu.

Daga nan tunaninta ya kama hanya. In ta cire nata ta bar na sauran, Matar Mai Gida tana da baki, Mai Waya kuma ya ga shafin toshiya. In ta cire duka, Talata za ta zama fili, a ce na yarinyar aka share. In kuwa ana iya cire kira ba a bar alama ba, wa zai rantse ba a cire na 'yar ba tun kafin wayar ta zo hannunta? Ta bi ta hannun Matar Mai Gida, ta bi ta hannun Kawu, ta kwana a aljihun tebur. Hujjar da kowa zai iya gyarawa da babban yatsa ba hujja ba ce. Da ɗalibi ne ya kawo mata irin wannan, da jan biro za ta sa ta soke. Ashe ke nan ba abin da wayar za ta tabbatar wa yarinyar, sai dai ta ƙara mata wasu-wasi, ta haɗa ta faɗa da mutanen da suka girmi uwarta. Kafin azahar Malama ta gina maganar hawa-hawa, ta duba ta gaba ta duba ta baya, ba ta sami ɓaraka ba. Sanyin nan ne kawai bai zo ba.

Ƙarfe uku ta shiga shagon. Mai Waya bai yi mata wasa ba yau. Ya zare 'yar rigar ulun ya jefa a kwalin fasassun gilasai, ya goge bayan wayar da tsumma. Ya ce kafin ya fara, akwai hotuna da muryar marigayiya a ciki, zai iya kwashe su a katin memori a ba 'yarta, minti biyar ne.

Malama ta riga ta yi wannan lissafin ma. Wanda ya kwashe hotuna ya buɗe waya, wanda ya buɗe waya za a tambaye shi me ya gani.

"Goge duka," ta ce. "In ta zo ta tambaya, a wanke ka sayar min."

"Ni dama a wanke nake sayarwa, Malama. Kowa ya sani."

Ya fara cire imel ɗin da yarinyar ta buɗe wa uwarta, ya ce in ba a cire shi ba wayar za ta riƙa neman tsohuwar uwar ɗakinta, ta ƙi yi wa sabon mai ita aiki. Ya buɗe gefe ya tabbatar babu kati a ciki. Sannan ya shiga can ƙuryar saiti inda ake mayar da waya yadda ta fito daga kwali. Wayar ta yi tambaya ko an tabbata. Ya danna. Ta sake tambaya, ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Nan ya tsaya, ya turo ta kan gilashi zuwa gabanta.

"Wannan mai waya ke dannawa."

Ta danna. Fuskar ta yi baƙi, wani ɗan zobe ya shiga juyawa. Mai Waya ya ɗauki wata wayar ya duƙufa a kanta. A waje wani mai mota yana ta hon a kan mahaɗa. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a lokacin da abin ya ɗauka. Wayar ta yi haske, ta yi maraba, ta tambayi harshen da ake so.

Yarinyar ta iso shida saura, da ledar lemo a hannu don kada ta zo wa babba hannu rabbana. Ta ratsa tsakar gida mata na kallonta, wata ta ja ɗanta gefe. Ba ta dubi ƙofar ɗakin uwarta ba, wanda aka riga aka liƙa wa takardar neman ɗan haya. Ta cire takalmi, ta zauna a gefen kujera, rabin jikinta a waje. Malama ta miƙa mata wayar.

Ta shafa. Ta shiga jerin kira, fari fat. Ta shiga hotuna. Ta fita ta sake shiga, kamar mai neman allura a aljihun da ta riga ta zazzage.

"Haka kika same ta?"

"Haka yake sayarwa. Ya ce ba ya ba da waya da kayan wani a ciki."

Yarinyar ta ce ai ta san haka zai faru, tun da ta ji an kai ta shago gabanta ya faɗi. Ta ce akwai wani bidiyo da Mama ta ɗauka ba ta sani ba, kullum tana cewa za ta tura wa kanta, tana cewa sai wani satin. Ta yi ɗan murmushi a kan haka, murmushin bai zauna ba. Ta ɗora wayar a gwiwa ta rufe ta da tafin hannu.

"Malama, duk gidan nan ke kaɗai na sani ba ki faɗin abin da ba ki tabbatar ba. Mama ma haka take cewa, in Malama ta faɗa to a rubuta. Ke kin san ta. A ganinki ni ta kira?"

Fankar silin tana juyawa. Malama ta dubi ledar lemon da ke ƙasa kusa da ƙafar kujera.

"'Yar nan," ta ce, "uwa in ta ga mutuwa, wa za ta kira?"

Yarinyar ta gyaɗa kai a hankali, ta daɗe tana gyaɗawa. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye wayar a hannun kujera, ta yi godiya, ta ce Allah ya bar zumunci, ta nemi gafara in uwarta ta taɓa takura wa Malama da yawan kira. Ta sa takalmi a bakin ƙofa, sai da ta gwada sau biyu ƙafar ta shiga. Malama ta ji saukarta a matakala, ta ji hirar famfo ta ɗauke, ta ji ta dawo bayan an rufe ƙofar gida.

Ranar Talata Ƙararrawa kira bakwai ta yi. Ta fara ƙarfe ɗaya da minti goma. Huɗun farko lambar Malama ce, tsakanin kowane da na gaba minti biyu ko uku. Na biyar Nas, na shida Mai Shago, na bakwai Matar Mai Gida, ƙarfe biyu da minti ashirin da huɗu. Ba ta kira 'yarta ba. Ta san ba a ba su waya sai biyar.